Jirgin faiba ya koɗe, yaya ake dawo masa da sheƙi?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Tsohon jirgin ruwa ne na faiba, jikinsa ya yi fari fat, in an shafa sai gari kamar alli ya biyo hannu. Guga zai wadatar, ko sai fenti?

Mai gyaran faiba: Wa alaikumus salam. Malam, garin nan jelkot ne, wato fatar waje ta jirgin, rana ce ta cinye samanta. Kaurinta kamar rabin milimita ne kawai, don haka komai a hankali. Ka fara watsa masa ruwa. In launi ya dawo yana jiƙe, man guga ya isa. In ko a jiƙen ma a dushe yake, sai samfefar ruwa: lamba 1000, sannan 1500, a ƙare da 2000, ana yi ana zuba ruwa. Kada ka tsallake lamba, zanen ta farko zai fito bayan guga.

Mai fenti: Ƙari kan maganar Oga, wanki ne farko. A fito da jirgin tudu, a wanke da sabulu, a goge maiƙo da sinadarin asiton. Ƙwayar yashi ɗaya a bakin injin guga sai ta zane gefe guda. Tabon tsatsa da rawayan nan na layin ruwa kuwa, asid ɗin okzalik ke fitar da su, da safar hannu.

Wajen gugan: man guga mai kaushi irin Farécla G3 ko na 3M, da kan inji na ulu, gudu tsakanin juyi 1200 da 1800 a minti. Ka riƙa ɗaukar wuri kamar santimita 60 kowane gefe. Injin kada ya tsaya wuri guda, zafi na ƙona jelkot, kuma a kusurwa ya fi saurin hudawa saboda can ya fi siriri. Ni dai kusurwa da hannu na fi yarda. Daga nan man guga mai laushi da kan soso.

Matuƙi: A inuwa ake yi, a rana man bushewa yake kafin ya ci. Kuma dole a rufe da kaki, shafi biyu, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu, in ba haka ba allin zai dawo. Ban da dandamalin da ake takawa, santsi zai yi. Masu shafa man inji su daina: kwana kaɗan yake ƙyalli, ya kwashi ƙura, gobe kuma ya hana fenti kamawa.

Mai gyaran faiba: Gaskiya ne. Malam, in kana samfefa ka ga duhu ko saƙar zare na leƙowa daga ƙasa, tsaya nan, jelkot ya ƙare. Wurin sai sabon jelkot da maganin daskarewa kashi 2 cikin 100, ko fentin foliyuretan mai haɗi biyu.