Marsandin da Baba ya bari: in riƙe ko in sayar?

Ɗan Marigayi: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Marsandi 230E ƙirar 1982, wadda ake kira W123. Fentinta na asali ne, har littafin sabis yana nan da rubutun hannunsa. Shekara uku ke nan tana lulluɓe da tamfol, sai in tayar da ita jefi-jefi. Yayana ya ce in rabu da ita tun tana motsi, ni kuma ina jin labarin tsofaffin motoci suna tsada a gwanjo. Nan da shekara 15 za ta yi daraja, ko zaman banza nake?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, tsufa kaɗai ba ya sa mota tsada, ƙarancinta ne. Marsandi 300 SLR da aka sayar Yuro miliyan 135 a 2022, guda biyu tak aka ƙera irinta. W123 kuwa an yi kusan miliyan 2.7. A cikinsu masu ƙofa biyu ne ake rububi, don ba su wuce 100,000 ba. Taka mai ƙofa huɗu ce, kuɗinta zai tashi, amma a hankali.

Abin da ya fi damuna tamfol ɗin nan. Yana riƙe danshi. Ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin batir da wuraren da ake kafa jak, nan tsatsa ke fara cin W123. Kuma tayar da ita a tsaye ba ya wadatarwa, ka hau titi da ita, in ba haka ba birki ya kama, robobi su bushe.

Mai Son Jafan: Baba Bakanike ya yi gaskiya, amma akwai ƙari. Mutum yana sayen motar da ya yi mafarkinta yana yaro ne, ranar da ya samu kuɗi. Shi ya sa Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002 ta yi tashin gwauron zabo. Ga kuma dokar Amurka da ke barin a shigo da mota in ta cika shekara 25: Nissan Skyline GT-R R34 na cika wa'adin a 2024, Amurkawa suka yi mata ca. Masu mafarkin W123 fa yau furfura ce a kansu.

Tsohon Bakanike: Furfurar ba laifi ba ce, yaro. Ka jira ranar da kwamfutar motocinku za ta mutu a rasa irinta. Wannan da sifana ake gyara ta. Ɗana, kada dai ka yarda kowa ya sake mata fenti.

Ɗan Marigayi: Na gode ƙwarai. Na ɗaga kafet ɗazu, ɓangaren direba a jiƙe yake, yatsana har ya shige wani wuri. Baba, wannan walda zai yi, ko sai an sake farantin ƙasan motar gaba ɗaya?