Miyata ba ta kwana, shinkafa kuma tana caɓewa: ina neman shawara

Ɗalibi a Ayeduase:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun digiri na biyu a jami'ar KNUST da ke Kumasi, na kama ɗaki ni kaɗai a Ayeduase. Sayen abinci safe da rana da dare ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa na fara girki. Ina da silindar gas mai kilo 6, tukwane biyu da ƙaramin firij. Miyar tumatir da na yi da daddare, kafin la'asar ɗin gobe ta yi tsami. Shinkafa kuwa sai ta caɓe a sama, ta ƙone a ƙasa. Ina fita tun bakwai na safe, sai bayan magariba nake dawowa. Me ya kamata in fara koya, kuma yaya zan yi abinci ya kai ni kwana uku ko huɗu?

Uwar gida daga Aboabo:

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Miyarka ruwa ne ke kashe ta. Tumatir kusan duk jikinsa ruwa ne, in ruwan bai ƙone ba, ko me ka zuba tsami za ta yi.

Ka samu tumatir matsakaita goma, albasa uku, tattasai biyu, attarugu uku, citta kamar kan babban yatsa, tafarnuwa sala huɗu. Ka ware albasa ɗaya, sauran ka markaɗa ba tare da ƙara ruwa ba. Ka zuba markaɗen a tukunya babu mai, babu murfi, ya yi ta tafasa minti 20 zuwa 25, har ya koma rabi ya yi kauri. A nan masu koyo ke gaggawa, su juye ɗanyen markaɗe cikin mai, sai ya yi ta fantsama, kuma ba zai soyu ba, dahuwa kawai zai yi.

A ɗaya tukunyar ka sa mai rabin kofi. Kada ka yi masa rowa, shi ne ke tsare miyar. Ka soya yankakkiyar albasar har ta yi laushi, ka sa tumatirin leda ɗaya, ka juya shi cikin man minti biyar har jansa ya yi duhu. Wannan ne ke kashe tsaminsa. Sannan ka juye markaɗen, ka rage wuta, kana juyawa kana kankare gindin tukunya. Bayan kamar minti 15 za ka ga mai ya taso sama, ja wur, ya kewaye bakin tukunya, kumfa ta daina, ƙarar ta koma ta suya. To ta yi. Gishiri, dunƙule biyu da kifi banda ko soyayyen nama sai a ƙarshe. In za ka sa romon nama, ludayi ɗaya ya isa, kuma ka bari ya sake ƙonewa.

In ka sauke, kada ka rufe da zafinta. Tururi zai taru a murfi ya ɗiga ciki, ruwan da ka kora ya dawo. Ka raba ta a ƙananan robobi, kowace cin rana ɗaya, su sha iska, su shiga firij kafin awa biyu. Biyu a ƙasa, sauran a wajen ƙanƙara. Cokalin da ya taɓa baki ko shinkafa kada ya koma ciki.

Wannan miya guda ita ce jarinka. Yau da shinkafa, gobe ka fasa ƙwai biyu a ciki ka ci da doya, jibi ka yanka ganyen gwaza, kontomire, ka zuba da agushi. In ka ƙara mata ruwa ka zuba shinkafa ta zama dafa-duka.

Mai sayar da abinci a Asawase:

Hajiya ta gama magana a kan miya. Ƙanena, shinkafarka wuta ta yi mata yawa, ruwa ya yi yawa, kuma na tabbata kana juya ta. Mai ƙamshin nan da ta cika kasuwa ba ta son ruwa: kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya da rabi. Ta gida ta fi shan ruwa, tana kai kofi biyu, kuma sai ka tsince tsakuwa. Ka wanke sau biyu ko uku har ruwan ya washe. Da ta tafasa ka mai da wuta can ƙasa, ka rufe ruf, minti 15 kada ka buɗe. Ka kashe, ka bar ta minti goma ta turara. Kan silinda mai kilo 6 wutarsa tsakiya take bugawa, tukunya mara kauri dole ta ƙone. Ka sayi mai nauyin gindi, ko ka ɗora tsohon faranti na ƙarfe tsakanin wuta da tukunya.

Ka koyi wake da shinkafa da wuri, domin ba abin da ya kai shi riƙe ciki da araha. Wake kofi ɗaya, shinkafa kofi biyu. Ka jiƙa waken da daddare, ka zubar da ruwan, ka dafa da karan dafi huɗu ko biyar, shi ke ba da jan nan. Bayan minti 30 zuwa 40, in ka matsa ƙwaya ta fashe amma ba ta narke ba, ka tsame karan, ka zuba shinkafa da gishiri. Kanwa kamar ƙwayar gyaɗa ta isa. In ta wuce haka abinci zai yi baƙi, ya yi bauri, ya ɓata ciki.

Sayayya kuma kada ka riƙa yin ta kullum a kantin unguwa. Ranar Asabar ka hau trotro, ƙaramar motar haya, daga Tech Junction zuwa kasuwar Kejetia, ka auno shinkafa, wake da gari da olonka, gwangwanin awo. Waken ka sa shi a wajen ƙanƙara kwana huɗu kafin ka zuba a roba mai murfi, ƙwari ba za su fashe ba. Albasa da doya kada su kwana a leda, iska suke so.

Ma'aikaciyar lafiya, Tafo:

Ina da gyara ɗaya. Da yawa za su ce maka ɗumame safe da yamma yana tsare komai. Ga miya mai mai yana taimakawa, in ta tafasa sosai har tsakiya. Ga shinkafa ba haka ba ne. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafa ta yini a waje cikin zafin nan sai ta zuba guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan awoyi. Ka dafa daidai cikinka, ragowar ta shiga firij da wuri, a cinye washegari. In ECG, kamfanin lantarki, sun ɗauke wuta, firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, muddin ba a buɗe shi. Ka daskarar da ledojin ruwa biyar ko shida ka jera kusa da robobin miya, suna ƙara lokaci.

Mai gyaran murhun gas, Ayigya:

Yallaɓai ɗalibi, silindar ce ta fi damuna, tunda a ɗaki ɗaya kake. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, inda katifarka take. In da hali ka ajiye ta a baranda ko kicin, a tsaye, ba a ƙarƙashin gado ba. Duk ran da ka cika, ka ɗaura kan ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ka ga kumfa na tashi, akwai yoyo, yawanci ƙaramar robar bakin ce ta cinye, canja ta ba tsada. Ranar da ka koma babbar silinda mai tiyo, kada ka yarda da dabarar ɗora dutse a kan regileta, na'urar da ke daidaita fitar gas. Wadda sai an danne ta ta lalace, sabuwa za a saya.

Wuta shuɗiya ake so. In ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, ramukan kan sun toshe da miya, ka cire ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bi su da allura. Ka kyasta ashana kafin ka buɗe gas. In ka dawo ka ji wari, kada ka taɓa makunnin fitila, kada ka kunna waya a ciki: ka rufe silinda, ka buɗe ƙofa da taga, ka fita. Lambar 'yan kwana-kwana a nan Ghana 192 ce, ko 112. In mai ya kama da wuta a tukunya, ka kashe gas ka kifa murfi, ruwa kuwa ko ɗigo.

Ɗalibi a Ayeduase:

Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Asabar zan shiga Kejetia in nemo tukunya mai kauri da robobi. Hajiya, in tumatir ya yi tsada, zan iya yi da na leda kaɗai?

Uwar gida daga Aboabo:

Za ka iya. Leda uku, albasa biyar, tattasai huɗu. Albasar ce za ta ba ta jiki da zaƙi, amma ka ƙara wa suyar tumatirin lokaci, ta kai minti goma a kan ƙaramar wuta.