Katin shaida a rumfar zaɓen Birtaniya: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai buɗe zance, Gilasgo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abu ne ya faru da ni, nake so in ji ko ni kaɗai ne. A watan Mayun 2022, zaɓen kansiloli, na shiga zauren firamaren unguwarmu hannu rabbana. Na faɗi sunana da adireshi, matar ta ɗora rula ta ja layi a kan sunan, ta miƙo mini takarda. Shi ke nan. Ranar 4 ga Yulin 2024 kuma, zaɓen 'yan majalisar ƙasa da ke Landan, zauren nan dai, teburin nan dai, aka ce in kawo shaida mai hoto. Na zaro katin da suka aiko mini ta gidan waya mai nuna rumfata, aka ce wannan ba shaida ba ce. Haka na koma gida na ɗauko fasfo, ina tafe ina mita. To wai doka ce ta canza, ko ni ne aka raina?

Ɗalibin shari'a, Edinbara:
Wa alaikumus salam Malam. Ba raini ba ne, masu iko da zaɓukan ne daban. Dokar nuna hoto majalisar Landan ce ta yi ta a 2022, kuma iyakarta zaɓukan da ke hannunta: na 'yan majalisar ƙasa, na kansilolin Ingila, da na kwamishinonin 'yan sanda. Zaɓen majalisar Sukotlan, inda Gilasgo take, da na kansilolinta kuwa gwamnatin Edinbara ke da iko da su, ita kuma ta ce ba ta so. Wels ma haka. Ayalan ta Arewa tun 2003 suke nuna hoto, su tsohon zance ne a wurinsu. Hukumar zaɓen ƙasar ta ce mutum wajen 16,000 aka mayar a zaɓen 2024 ba su dawo ba. Kada ka ji komai, tsohon firaminista Boris Johnson ma, wanda gwamnatinsa ta kawo dokar, sai da aka mayar da shi a Mayun 2024 don ya manta tasa shaidar.

Wata 'yar'uwa, Manchesta:
Ni tawa ta niƙabi ce. Tun da aka fara a Mayun 2023 nake jin mata a masallaci suna cewa ba za su je a sa su buɗe fuska gaban maza ba, ni ma na zauna a gida wannan shekarar. A 2024 maigida ya matsa, na je gabana yana faɗuwa. Ina isa teburin na ce wa saurayin ina so mace ta duba ni a keɓe. Bai ja ba, ya kira wata dattijuwa, ta kai ni bayan wani allo da suka tsayar a kusurwa. Na ɗaga, ta dubi fasfo ta dube ni, ko minti ɗaya ba a yi ba. Abin da ya ba ni dariya, har da ɗan madubi suka ajiye don mutum ya gyara ɗaurinsa. Na tsaya na gyara kuwa, tunda an ajiye.

Amma fa in faɗi gaskiya, da ban san ina da haƙƙin neman a keɓe ni ba, da juyawa zan yi. Ƙawata juyawar ta yi daga bakin ƙofa, don ta hango maza biyu ne a teburin, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Mutumin Maraɗi, Gilasgo:
Malam mai buɗe zance, kai ka gode Allah. Ku 'yan Nijeriya da Gana da Kamaru, da yake ƙasashenku suna cikin ƙungiyar rainon Ingila, in dai takardun zamanku sun cika kuna jefa ƙuri'a a kowane zaɓe. Mu 'yan Nijar babu mu a zaɓen Landan, ko hoto goma muka kawo. Sai a 2020 Sukotlan ta yi dokar da ta bai wa duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida damar zaɓen majalisarta da kansiloli. A 2021 na jefa ta farko, aka ba ni takarda biyu, ta mazaɓa da ta yanki, na tsaya ina juya su. Ɗana mai shekara 16 shi ya koya mini, kuma shi ma ya jefa tasa, don a nan daga 16 ake farawa.

Direban tasi, Kadif:
Fasfona na Nijeriya ya mutu tun bara waccan, amma suka karɓa. In dai hoton bai rabu da kamanninka ba, ba ruwansu da ranar ƙarewa. Lasisin tuƙi ma yana yi.

Dattijo, Lis:
Ku yi haƙuri, ni ina bayan dokar nan. Ran da na fara zaɓe a nan, 2019, aka ba ni ƙuri'a da fensir ba a ga ko inuwar katina ba, sai na ce a raina, da a gida ne da tuni an zaɓar wa matattu. Mu da muka saba da katin zaɓe na dindindin, da dangwala yatsa, da na'urar BVAS mai duba fuska, mene ne abin wahala a nuna fasfo? Abin da ban gane ba shi ne, an tsare ƙofar rumfa, amma mai jefawa ta gidan waya sa hannu da ranar haihuwa kawai ake dubawa. Takardar ta zo gida, wa ya san hannun da ya cike ta?

Mai kula da tsofaffi, Bamingham:
Baba, da girmanka, ba kowa ke da fasfo a aljihu ba. Nawa yana wurin neman biza lokacin zaɓen Yulin 2024, zan je gida ta wata ƙasa, ba ni da lasisi, katin zamana kuma ya ɓata ina jiran sabo. Katin wurin aikina mai hoto ne, da sunana ɓaro-ɓaro, na kai aka ce ba ya cikin jeri. Malamar zaɓen ce ta gaya mini ai ƙaramar hukuma tana ba da takardar shaidar zaɓe kyauta, amma an rufe nema tun 26 ga Yuni. A bakinta na fara jin labarin takardar. Daga aikin dare na taho, da rigar aikin a jikina, ƙarfe takwas da rabi na safe. Na yi mata godiya, na tafi na kwanta.

Mai buɗe zance, Gilasgo:
Allah sarki. 'Yar'uwa, kin nemi takardar daga baya?

Mai kula da tsofaffi, Bamingham:
Na nema, ta zo. Tana cikin aljihun jakata tare da katin bas.