Abin da aka tattauna kan ɗaure kujerar yara a mota

Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kujerar yaro a baya ake sa ta. Wadda ke fuskantar baya kuwa, kada a kuskura a ɗora ta a gaba muddin jakar iska, wadda ke kumburowa idan an yi karo, tana aiki.

2. Bayan an ɗaure, a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, a jijjiga ta. In ta motsa fiye da santimita 2.5, ba ta ɗauru ba. Da yawa sun ce sai sun danna ta da gwiwa sannan suke jan bel ɗin.

3. Ko ƙugiyoyin ISOFIX, masu maƙale kujerar a jikin motar, ko bel, a zaɓi ɗaya, sai dai in littafin kujerar ya yarda a haɗa.

4. Igiyar kafaɗa ta kwanta sosai, yadda ba za a iya tsunkulo ta da yatsu biyu ba. A cire wa yaro rigar sanyi mai kauri tukuna.

Inda aka rabu:

Yaushe za a juyar da yaro ya fuskanci gaba? Wasu sun tsaya kan wata 15, mafi ƙarancin da ƙa'idar i-Size ta Turai ta gindaya. Wasu suka ce a bar shi har ya kai iyakar nauyi ko tsayin da kujerar ta ƙayyade, ko da ƙafafunsa sun lanƙwashe. Hujjar na biyun ta fi kama hankalina, don wuyan ƙaramin yaro bai yi ƙwari ba.

Kujerar hannu, wato wadda wani ya taɓa amfani da ita, ma an ja. Masu ƙinta sun ce ba ka san ko ta taɓa shiga haɗari ba.