Taƙaitawar shawarwari kan amfani da sabulun salo wajen wanke burushi da soson kwalliya

Ga abin da 'yan'uwa masu kwalliya a Damagaram suka tattauna:

1. Kusan kowa ya yarda cewa sabulun salo yana fitar da hoda da maiƙo sarai, muddin aka jiƙa bakin burushi kaɗai da ruwan ɗumi, aka murza a tafin hannu, aka ɗauraye har ruwa ya fito garau. Ruwan zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe gashin.

2. Soso ya fi buƙatar kulawa, domin yana riƙe danshi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki su jawo ƙuraje. Masu yi wa amare kwalliya su wanke shi bayan kowace fuska, kuma a ganina wannan wajibi ne.

3. An rabu kan burushin gashin dabba. Wasu sun ce tokar da ke cikin sabulun tana busar da shi, don haka suna ɗiga man zaitun kaɗan, wasu kuma suna ganin man yana barin maiƙo.

4. A shanya burushi da soso a kwance cikin inuwa, a lulluɓe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙurar hunturu.