Fayil mai 3GB a laftop mai RAM 4GB: ta ina za a ɓullo masa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum malamai. Fayil ne na CSV (bayanan jadawali a rubutu zalla, layi-layi), na rajista, girmansa 3GB. Notepad na sandarewa, Excel kuma ya buɗe kaɗan ya bar saura. An ce akwai manhajojin da ke buɗe irin wanga nan take. Yaya suke yi, alhali RAM ɗin (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta) ba ta ƙaru ba? Layuka kaɗan ake son gyarawa.

Injiniya Arkilla:
Wa alaikumus salam. Excel iyakarsa layi 1,048,576. Notepad kuwa so yake ya kwashe fayil ɗin gaba ɗaya ya zuba a RAM, ga Windows ta riga ta ci rabonta. Da wuri ya ƙare sai a koma juye bayanai a faifai (hard disk), shi ne sandarewar da kake gani.

Masu buɗewa da sauri, irin su less da klogg, ba su ɗaukar fayil ɗin duka. Abin da allo zai nuna suke karantowa, saura na nan kwance a faifai. Klogg kan bi fayil ɗin sau ɗaya ya rubuta inda kowane layi ya fara. In layi na da bayit 100, layuka miliyan 30 ke nan. Ko da bayit 8 aka ba kowanne, 240MB ne kacal.

Wajen gyara akwai dabarar piece table. Ba a taɓa asalin fayil. Abin da ka rubuta sabo a ajiye shi gefe, sannan a riƙe ɗan jadawali: ɗauko daga nan zuwa nan a tsohon, sa sabon, ci gaba da tsohon. Sai ranar adanawa ake harhaɗawa.

Malama Gawon Nama:
Injiniya, a ƙara da cewa manhajar gyaran rubutu ta VS Code ma irin wannan tsari take bi tun 2018, amma duk da haka a RAM take riƙe rubutun, don haka ba za ta fisshe shi ba.

Ƙanena, yanka shi za ka yi. Sa Git Bash (manhajar rubuta umarni a Windows), ka rubuta:
split -l 500000 rajista.csv kashi_
Za ka samu kashi wajen 60, kowanne kusan 50MB. Nemo layinka da wata kalma da ke cikinsa, misali Wamakko:
grep -n "Wamakko" kashi_*
Gyara kashin da ya fito a Notepad++, sannan ka haɗe:
cat kashi_* > sabo.csv

Kada ka sa -b a madadin -l a umarnin split. Shi bayit yake ƙirgawa, ba ruwansa da ƙarshen layi, kuma ƙ, ɗ da ɓ bayit biyu-biyu ne a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a fayil. In yankan ya faɗa tsakiyar harafi, shirme za ka gani. Kada kuma ka gyara a Excel, yana share sifilin farkon lambar waya.

Baban Ummi:
Malama ta gama magana. Sai dai a tabbatar akwai sarari a faifai: 3GB na kashi-kashin, wani 3GB na sabon. A cika batir kafin a fara, don in an ɗauke wuta ana tsakar haɗawa, rabin fayil za a samu, shi ya sa ba a rubutawa kan na asali. Bayan haɗawa a gwada umarnin ƙirga layi wc -l a tsohon da sabon, adadin layukan ya zo ɗaya. In filasha za a sa shi kuma mai tsarin ajiya na FAT32 ce, ba ta karɓar fayil da ya kai 4GB.