Ciwo ne ko son zuciya? Abin da ya faru a zauren 'yan unguwarmu na Jos

Baban Ilham: Jama'a, raina a ɓace yake. Ƙanina ya daɗe yana shan goskolo, giyar nan mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, kowa a layinmu ya sani. Makon jiya da bakinsa ya ce min, "Yaya, na gaji, ka taimake ni." Ya daina da kansa, washegari hannunsa na karkarwa har ya kasa kai kofin shayi baki, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, kafin isha'i ya koma wurin mai sayarwa. Da na kai maganar gaban manyanmu sai aka ce a kai shi gidan mari. Wanda ya nemi taimako shi za a sa wa sarƙa? Wannan ciwo ne. Wa ya san inda ake karɓar irinsu a garin nan?

Alhaji Mai Dankali: Ciwo kuma? Zazzaɓi ciwo ne, hawan jini ciwo ne. Wanda ya taka da ƙafarsa ya je ya biya kuɗinsa ya sha, kada ka kira shi mara lafiya. Son zuciya ne.

Malam na Gangare: Alhaji ya yi gaskiya. A Ma'ida aya ta 90 Allah ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Ba a ce ciwo ba.

Anti Nas: Malam, babu wanda ya halatta ta. Kurɓar farko zaɓi ce, amma jikin da ya daɗe yana sha ya riga ya saba. Karkarwar da Baban Ilham ya gani takan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Wani har jijjiga yake yi, a kwana na 2 ko na 3 ya ruɗe yana gane-gane, kuma ana mutuwa a hakan. Shi ya sa kulle mutum a ɗaki haɗari ne. A asibiti ana ba shi maganin da zai kwantar da jikin, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai kuma cibiyar kula da masu shaye-shaye a asibitin Vom.

Ɗan Rikkos: Sashen ƙwaƙwalwa? Wato yanzu mahaukaci ne? Gobe wa zai ba shi 'ya?

Maman Sadik: Yanzu da yake kwana a kwata wa ya ba shi?

Alhaji Mai Dankali: Ni dai kalmar ciwon nan ce ba zan yarda da ita ba. Daga ranar da aka ce ciwo ne, kowane ɗan iska ya samu mafaka. Kuma Vom ɗin nan ba na mishan ba ne?

Maman Joy: Alhaji, da girmanka. Lokacin da ake kai marasa lafiyarku can ba ku tambayi na wane ne ba. Goskolo ba ta tambayar addini, mu ma ta cinye mana samari a Tudun Wada.

Ɗan Rikkos: Ai daga ɓangarenku ake kawo ta.

Maman Joy: Su wa ke zuwa saye da daddare a kan babur?

Shugaban Zaure: A kiyaye harshe don Allah.

Malam na Gangare: Mu koma kan magana. Tuba da addu'a da rubutu sun ishi mai niyya. Kakanninmu da me suka gyara kangararru?

Maman Sadik: Malam, kun manta Rigasa ta Kaduna? A 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin gidan nan, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ni ba zan kai jinina can ba. Kuma a Buhari akwai sahabin da aka sha kawowa kan shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

Malam na Gangare: Hajiya, amma ai an yi masa bulala kafin nan. Ki karanta hadisin har ƙarshe.

Maman Sadik: Na karanta. Bulala daban, yasar da mutum daban.

Ɗan Rikkos: Laifin gwamnati ne kawai. NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta ce ta hana giyar leda tun 2024, je ka tasha ka gani ko ta ɓace.

Alhaji Mai Dankali: Gwamnatin da ku kuka zaɓa?

Ɗan Rikkos: Alhaji, kar mu buɗe wannan babin, kai ma mun san hular da ka sa lokacin zaɓe.

Baban Ilham: Jama'a, wuri fa na tambaya. Yaron nan yana ɗaki yanzu haka, yana jiran in shigo da amsa.

Anti Nas: Ka yi min magana ta gefe. Kada ka tilasta masa ya yanke lokaci ɗaya a gida. Gobe da sassafe ku tafi asibiti tare, ka faɗa wa likita gaskiyar yawan da yake sha. Idan ya fara jijjiga ko sambatu cikin dare, kada ku jira gari ya waye. Bayan an sallame shi ma sai an ci gaba da komawa, kuma a raba shi da majalisar da yake zama, don can ne ake komawa ruwa.

Shugaban Zaure: To, zan rufe. Abin da aka tattauna: mafi yawan jama'a sun yarda da Alhaji da Malam cewa shan giya saɓo ne da son zuciya, kuma maganinsa tuba da tsawatarwar manya. Wasu 'yan kaɗan sun kawo batun asibiti. Allah ya shirye shi.

Maman Sadik: 'Yan kaɗan? Ƙirga mu. Don Alhaji surukinka ne shi ya sa.

Maman Joy: Kuma har yanzu Ɗan Rikkos bai janye maganar da ya yi a kan unguwarmu ba.

Ɗan Rikkos: Ba zan janye ba.